Kakar da Na Gyara Gidan Baba Dennis

Ban yi nisa da sauka Ingila ba na gane cewa aikin da ya kawo ni babu shi. Biza akwai, har rigar aiki an ba ni, amma tsofaffin da aka ce zan riƙa kula da su ban taɓa sa su a ido ba. Wanda ya yi mana hanya sunansa Felix, ɗan ƙasarmu ne. Ta bakin wani dattijon ikilisiyarmu a Kafanchan na san shi, shi ya sa ban ji ko ɗar ba lokacin da na ajiye alli a sakandaren da nake koyar da labarin ƙasa, na kuma sayar da gonar cittar da mahaifina ya bar mini a hanyar Kachia. Duk sanda na kira shi sai ya ce, "Malam Ishaya, ka yi haƙuri, mako mai zuwa za a fara." Daga baya ya daina ɗaukar waya, daga bisani lambar ma ta daina shiga.

Masaukinmu na farko wani gida ne a bayan tashar mota, a wani gari na arewacin ƙasar. An cusa mu kamar buhunan masara, katifa na gogar katifa. Bangon ɗakin ya yi baƙin fumfuna, in ka jingina da shi sai rigarka ta jiƙe. Kowa a cikinmu ya bar wani abu a gida. Akwai wanda ya bar shagon magani, akwai wadda ta bar jariri a hannun uwarta. Da farko mukan haɗu mu yi addu'a da safe, har da waƙa. Da tafiya ta yi tafiya sai waƙar ta mutu, addu'ar ta gajarce, kowa ya koma ya ƙura wa wayarsa ido. Ranar da mai gidan ya zo ya ce Felix bai sake waiwayarsa da kuɗin haya ba, mu nemi wani wuri, babu wanda ya yi gardama. Ƙarfin gardamar ma babu.

Wani fasto ɗan Zimbabwe ne ya bar ni na riƙa kwana a ɗakin ajiyar kujeru na majami'arsa, da sharaɗin in naɗe tabarmata kafin masu sujada su iso. A nan na fara jin sanyin ƙasar, alhali mutanen gari na cewa ai ba a fara komai ba tukuna. Shekara da shekaru ina zana wa yara yanayi huɗu na ƙasar Turawa a allo, ina ba su maki in sun haddace. Ban taɓa sanin cewa sanyin yana da haƙora ba.

Wata safiya ina tsaye a wurin jiran bas ina waya da matata Rifkatu. Ta ce, "Baban Godiya, muryarka bai yi mini ba. Ka ci abinci kuwa?"

Na ce, "Na ci, Maman Godiya. Mura ce kawai."

Ina kashe wayar sai na ji an ce daga bayana, "Sannu, ɗan'uwa. Kai ɗan ina ne?"

Na waiwaya. Wani dattijo ne gajere mai furfura a gemu, yana ɗaure tsani a saman wata tsohuwar mota. Na ce masa Kafanchan. Ya ce shi Musa, daga zangon Kumasi, ya kusa tsufa a ƙasar nan. Hausarsa irin tamu ce ta gida, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Da a Kafanchan ne, inda rikici ya koya wa kowa unguwar da zai tsaya, da sai na fara auna sunansa kafin in saki jiki. A can kuwa da na ji Hausa a bakinsa, saura kaɗan in rungume shi.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi takalmina na zuwa coci, ya ce, "Kana tsoron hawa sama?"

Na ce, "Na taɓa hawan giginya."

Ya yi dariya ya buɗe mini ƙofar mota.

Aikin Alhaji Musa na kaka ne. A can idan bazararsu ta wuce, itatuwa sukan zubar da ganye gaba ɗaya, ganyen ya cika indararon da ke zagaye da rufin gida. In ba a kwashe ba, ruwan sama ya rasa hanya ya bi bango, sanyi ya zo ya daskarar da shi, bango ya tsage. Don haka gida-gida muke bi. Shi yana riƙe tsani, ni ina sama ina cusa hannu cikin ruɓaɓɓen ganye mai warin kwata, ina zubawa a bokiti. Safar hannu ba ta hana komai. Kafin azahar yatsuna sun daina jin cewa nawa ne. In lokacin sallarsa ya yi sai ya shimfiɗa kwali a bayan mota, ni kuma in zauna gaba in sa hannuwa a hammata.

Ba kowane gida ake rabuwa lafiya ba. Akwai wani mutum da muka wuni muna share masa rufi da lambu. Da muka gama ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna ni, ya ce yana so ya ga izinin aikina, in ba haka ba, zai buga wa hukuma waya. Ya san abin da yake yi, don izinina a ɗaure yake da kamfanin Felix. Alhaji ya ɗaure tsaninsa muka tafi ba a biya mu ba. Sai da muka yi nisa ya ce, "Bar shi. Ganye zai sake faɗi baɗi."

Shi ne ya kai ni gidan Baba Dennis. Tsohon Bature ne dogo, ya rankwafa, yana dogara sanda. Gidansa na jan bulo ne a ƙarshen layi, da wata ƙatuwar bishiya a baya da ta yi wa rufin rumfa. Matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya, Karen, tana can kudancin ƙasar da iyalinta. A hunturun da ya wuce bututun ruwa ya fashe a saman silin, gidan ya jiƙe, tsohon ya takure a ɗaki ɗaya da babbar riga har ciwon ƙirji ya kwantar da shi asibiti. Karen ta gaya masa gaskiya: in sanyin bana ya zo ya sami gidan yadda yake, gidan tsofaffi za ta kai shi, ko ya so ko ya ƙi.

Alhaji ya nuna ni ya ce wa tsohon ga mutum mai hankali, malamin makaranta, ba shi da wurin kwana. Tsohon ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Akwai ɗaki a sama. Ni na san duk abin da gidan nan yake so, ƙafa ce ba ni da ita. Kai kana da ƙafa. Za mu iya?"

Na ce, "Za mu iya, Baba."

Ya ce, "Mene ne Baba?"

Na ce haka muke kiran wanda ya haife mu, da duk wanda ya isa ya haife mu. Ya ce to ba laifi.

Da rufi muka fara. Alhaji ya bar mana tsani. Ina fitar masa da kujera tsakar lambu, in lulluɓe masa gwiwa da bargo, ya riƙa nuni da sanda. Na kwashe ganye, na kankare gansakukar da ta yi kore a kan rufin, na canza fale-falen bulon rufin da suka tsage. In na yi abu bai yi masa ba sai ya buga sandar a ƙasa ya ce a sake. Ba ya yabo. Iyakarsa ya ce, "Zai yi."

Daga nan muka shiga ciki. Ya sa na kunna kyandir na bi tagogin ɗaya bayan ɗaya. Duk inda harshen wutar ya karkata, nan iska take shigowa, sai in manna siririn soso in toshe. Muka sauke labulen bazara, na ciro masu kauri daga akwatin matarsa, suna warin maganin asu. Ƙarƙashin kowace ƙofa muka ajiye wani dogon matashi da ita ta ɗinka da hannunta. Akwai ƙarafan ɗumama ɗaki a jikin bango waɗanda ruwan zafi ke zagayawa cikinsu. Ya ba ni wani ɗan makulli kamar na agogo, ya ce in sa a gefen ƙarfen in murɗa a hankali. Iska ta fito tana huci kamar kububuwa, sai ga ruwa baƙi, sai na ji ƙarfen ya fara ɗumi a tafin hannuna.

Wanda ya fi wahala shi ne saman silin. Wuri ne da ba a miƙewa, sai rarrafe a kan katako, da tocila a baki. Kowane bututun ruwa sai na sa masa rigar soso na ɗaure, don kada ruwan ciki ya daskare ya fasa shi kamar bara. Audugar da ake shimfiɗawa a wurin don tare sanyi tana da ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero. Na kwana biyu ina tari, idona jawur. Shi kuma yana ƙasan tsani yana ta kira, "Ishaya, ka duba na bayan tanki? Shi ne munafukin."

Da la'asar nakan dafa mana shayi da citta. Cittarsu ta kanti ƙatuwa ce, ruwa-ruwa, ba ta da yaji ko kusa da tamu. Na gaya masa haka, ya ce ko wannan ma tana neman cire masa harshe. A wajen shayin ne na ga hotonsa a bango yana tsaye jikin kan jirgin ƙasa. Ashe direban jirgi ne har ya yi ritaya. Na ce masa garinmu ma jirgi ne ya haife shi, mahaifina a reluwe ya ƙare aikinsa, yana gyaran layi. Tsohon ya gyara zama kamar an zuba masa sabon jini. Ya tambaye ni faɗin layin, da irin injin, da inda hanyoyin suka rabu. Na zana masa a bayan kwalin biskit, wannan ya yi Jos, wannan Kaduna, wannan ya gangara kudu.

Ya ce, "Har yanzu suna tafiya?"

Na ce, "Ciyawa ta cinye layin, Baba. Awaki ke kwana a tashar."

Ya daɗe yana juya kofinsa. Ya ce, "Nan ma sun rufe wanda na fi so."

Ana cikin haka, wata rana ina bisa tsani ina ɗaure ragar da ke hana tsuntsaye shiga bututun hayaƙi, waya ta yi ƙara. Rifkatu ce. Ta ce ruwan ƙarshen damina ya zo da iska, ya yaye kwanon ɗakin Mama a ƙauye. Ƙanena yana Abuja, bai samu zuwa ba. Ta ce ga Maman, ta zo gari kwana biyu.

Na ce, "Mama, sannu. Ina nan ina neman yadda za a yi."

Ta ce, "Kada ka damu, ɗana. Na ja gadon zuwa gefen da ba ya yoyo. Kai dai ka rufe ƙirjinka, an ce wurinku da sanyi. Yesu ya tsare."

Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Kowace shekara, ruwa na ɗaukewa, ni nake hawa ɗakin nan in buga ƙusa, in canza azarar da gara ta ci. Na tsaya a saman tsanin ina kallon rufin gidajen mutane jere har iyakar ganina, kowanne lafiyayye, hayaƙi na tashi. Ban san na daɗe ba sai da na ji sanda tana bugun ƙafar tsanin.

Ya ce, "Sauko. Ba a tunani a kan tsani."

Na sauko. Bai tambaye ni komai ba. Ya shiga ciki da jan ƙafa, ya dafa shayin da kansa ranar, ya zuba cittar har ta yi yawa.

Karen ta zo wata Asabar, bishiyar baya ta riga ta zama ƙirare. Mace ce mai sauri, da alamar gajiya a idonta irin ta wanda yake riƙe da gida biyu. Ta bi ɗakunan tana taɓa bango, ta sa hannu a bakin taga, ta leƙa saman silin da tocilar wayarta. Tsohon yana zaune ya sa rigarsa ta fita, ya taje gashi, kamar ɗalibi ranar jarrabawa. Da ta sauko ta tsaya a tsakiyar falo ta cire babbar rigarta, abin da ta ce rabonta da yi a gidan tun rasuwar uwarta.

Ta dubi mahaifinta ta ce, "Shi ke nan. Ka zauna. Mu ga bazara."

 Da ta fita ɗauko kaya a mota ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

Sanyin ya zo kamar yadda aka ce. Da safe ciyawa takan yi fari fat, gilashin motoci ya daskare. A cikin gidan kuwa ko safa ba ka buƙata. Ruwa ya yi ta zuba, ko ɗigo bai shigo ba. Nakan kwanta ina jin yana gangarawa ta indararo yadda ya kamata, in ji wani ɗan daɗi da na daɗe ban ji ba. Makonnin nan su ne kawai hutun da na samu a ƙasar.

Tsohon yana da al'adar zuba wa tsuntsaye tsaba a bayan gida. Ni na karɓi aikin tun da sanyi ya fara. Wata safiya ya riga ni tashi, ya ga gari ya yi kyau, ya ce bari ya yi da kansa. Matakala biyu ce kawai daga ƙofar kicin zuwa lambu. Ina sama ina wanke fuska na ji ƙarar kwano a kan siminti. Na same shi kwance a gefe, tsaba ta watse, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Na cire rigata na rufa masa, na ɗora kansa a cinyata har motar asibiti ta zo. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Rufe ƙofar, ɗumin yana fita."

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi masa aiki, ya tashi, amma likitoci suka ce shi da hawa bene har abada, kuma ba zai sake zama ba tare da masu jinya ba. Karen ta zaunar da ni a kicin. Ta yi kuka, ta ba ni haƙuri kamar ni ne ɗan gidan. Ta ce za a sayar da gidan in bazara ta zo, kafin nan zai zauna a rufe, kuma ba za ta iya barin wuta tana ci a gidan da babu mai shi ba. Ta ba ni lokaci in nemi wuri. Sannan ta ce, cikin jin nauyi, ko zan taimaka in shirya gidan yadda zai kwana sanyi babu kowa, tunda na fi ta sanin hanyar bututun.

Na yi. Na rufe babban famfon da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Na buɗe duk famfunan gidan, sama da ƙasa, na tsaya ina jin ruwan yana tsiyayewa har ya koma tari, ya yi shiru. Na zuƙe na cikin ƙarafan bango. Na kashe injin ɗumama gida. Kafin in gama haɗa jakata numfashina ya fara fita da hayaƙi a cikin falon. Karen ta ciro babbar rigar sanyin tsohon da takalmansa masu kauri ta ce shi ya ce a ba ni. Takalman sun yi mini yawa, sai da na cusa takarda. Alhaji Musa yana waje da motarsa, ya riga ya share mini gefe a falonsa.

Da ƙyar da jiɓin goshi, ta hanyar faston nan, na samu wani gidan tsofaffi a wani gari da ya yarda ya ɗauke ni ya gyara mini izini. Nan nake har yau. Ina wanke su, ina ba su abinci a baki, ina juya su a gado. Kwanon ɗakin Mama an buga sabo, ba da hannuna ba. Rifkatu da yara suna Kafanchan. Godiya ta shiga sakandare, a waya na ga rigar makarantarta.

Kafin in bar garin na je sallama da Baba Dennis. Gidan da aka kai shi mai kyau ne, da tsabta, ɗumi ko'ina kamar ɗakin gashin burodi. Na same shi a keken guragu, ya rame, an sa masa rigar da ba tasa ba. Ya gane ni. Ya dubi rigar da ke jikina ya ce ta fi yi mini kyau. Na gaya masa zan tafi, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ishaya, zufa nake yi a nan dare da rana. Buɗe mini tagar can."

Na je na tura. Irin tagar nan ce da aka yi wa mari don kada tsofaffi su faɗa, ba ta buɗuwa fiye da faɗin yatsa biyu. Na turo kekensa har jikinta. Siririyar iska mai sanyi ta shigo, ya kai fuskarsa wurin, ya lumshe ido yana shaƙa. Muka zauna haka har wata ma'aikaciya ta shigo da maganinsa. Ta yi mana murmushi ta ce kada ya kamu da mura, ta ja tagar ta rufe.

Na durƙusa na yi masa sallama irin ta gida. Ya ɗora hannu a kaina, ya ce, "Je ka, kada bas ta wuce ka."